Gambarar zamani waƙa ce, ko surutu ne a kan kiɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Kullum cikin musu muke da kawuna, wanda ya taɓa koyon jita da ƙuruciya, kuma masoyin Shata ne na gaske. Shi a wurinsa gambarar zamani, wato rap, ba waƙa ba ce, surutu ne kawai a kan kiɗan da kwamfuta ta haɗa, don haka mai yin ta ba ya kama ƙafar mai goge ko mai rera waƙa. Ni kuwa ina jin gwaninta a cikinta, sai dai na kasa yi masa bayani. Wa ke da gaskiya a tsakaninmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A gaida Kawu da kyau, don akwai inda ya fi ka gaskiya, kuma da wurin zan fara.

Mai rera waƙa yana ɗauke da nauyin da ɗan gambara bai ɗauka ba: dole ya tsayar da muryarsa a kan rauji, ya hau inda ake hawa, ya sauka inda ake sauka, in kuwa ya kauce ko da kaɗan kowane kunne zai ji. Mai goge ya fi shi shan wuya. Tsirkiya ɗaya ce tak ta gashin wutsiyar doki, kuma babu wata alama da za ta nuna masa inda zai ɗora yatsa, sai kunnensa da sabon hannu. Yaro kan daɗe yana koyo kafin ya fitar da sautin da mutanen gida za su iya jurewa. Gambara ba haka take ba. Wanda yake da waya zai iya sauko da kiɗa daga intanet da yamma, kafin dare ya naɗi wani abu ya tura wa abokansa. Ƙofar shigarta a buɗe take, shi ya sa tarkace ya yi mata yawa, kuma ina kyautata zaton irin wannan tarkacen ne ya fi isa kunnen Kawu.

Inda na rabu da shi shi ne ma'aunin da ya ɗauko. Ya auna ɗan gambara da mai rerawa, alhali ɗan'uwansa na kusa makaɗi ne. Asalin abin ma ya nuna haka. A unguwar Bronx ta birnin New York, ranar 11 ga Agusta 1973, wani matashi haifaffen Jamaika da ake kira DJ Kool Herc ya sa faifai a wani ɗan biki. Ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai wurin da jita da murya suke yin shiru a bar ganguna su kaɗai. Dabarar da ya shahara da ita ita ce ajiye faifai biyu iri ɗaya a kan na'ura biyu, in wannan gurbin ya ƙare a ɗaya sai ya mayar da shi a ɗayan, ganguna su yi ta tafiya ba yankewa. Wanda ya karɓi makirfo a kan irin wannan kiɗa bai tarar da raujin da zai bi ba, ganga kawai ya tarar, sai bakinsa ya zama ganga ta biyu.

Ga yadda aikin yake a lissafe. Layi ɗaya na gambara yana zama a kan bugu huɗu, baiti kuma galibi layi 16 ne. Ɗauki kiɗa mai bugu 90 a minti, wanda matsakaici ne. In aka raba kowane bugu gida huɗu, layi ɗaya yana da gurbi 16, kuma wanda ya cike su duka yana furta gaɓa 6 a kowace daƙiƙa, har tsawon daƙiƙa 43 ko kusa da haka kafin baitin ya ƙare. Cike guraben ba shi ne gwaninta ba. Gwaninta tana wurin zaɓi: wane gurbi za ka bari fanko, wace gaɓa za ta faɗa a kan bugu mai ƙarfi, yaushe za ka raba bugun gida uku alhali ganga tana raba shi huɗu, yaushe za ka ɗan ja baya da gangan har mai sauraro ya ji kamar za ka makara amma ka iso daidai. Waɗannan su ne ainihin shawarwarin da mai kalangu yake yankewa da hannunsa. A cikin wannan gudun kuma dole ka san inda za ka saci numfashi ba tare da an ji ba, kowace kalma ta fita tas, kuma maganar ta kasance da ma'ana.

Rakim, wani ɗan gambarar Amurka, shi ne misalin da nake so Kawu ya sani, tunda Kawu ya taɓa riƙe jita. Kafin fitowarsa, yawancin 'yan gambara suna ajiye amsa-amo a ƙarshen layi ne kawai, kowane layi ya tsaya cak a inda ɗan'uwansa ya tsaya. Rakim ya busa saksafon yana yaro, kuma ya sha faɗin cewa busar John Coltrane, gwanin jaz, ita ce ta nuna masa hanya. A faifansa na 1987 tare da Eric B. ya riƙa cusa amsa-amo a tsakiyar layi, ya bar jimla ta tsallake ƙarshen layi ta sauka a na gaba, cikin murya mai sanyi ba ihu. Tunanin mabushi ne aka zuba a magana. Duk wanda ya karanci rubutacciyar waƙar Hausa ya san amsa-amon ciki da na waje, ya kuma san cewa haɗa su ba tare da ma'ana ta karye ba aiki ne ja.

Batun cewa ɗan gambara ba ya kaɗa komai da hannunsa, wannan hujja ba za ta yi wa masoyin Shata daɗi ba. A fagen wasa Alhaji Mamman Shata ba shi ke kaɗa kalangu ba, makaɗansa ke kaɗawa, 'yan amshi na amsawa, shi yana tsaye yana zuba magana. Abin da ya sa har yau ake jinjina masa, shekaru bayan rasuwarsa a 1999, shi ne yadda yake ɗora kalma a kan kiɗa da yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa shi ke kaɗa kuntiginsa, shi ke rerawa, kuma ban taɓa jin wanda ya rage wa Shata daraja saboda wannan bambanci ba. Haka nan kirarin 'yan tauri da na 'yan dambe ba rera shi ake yi ba, amma Bahaushe ya san wanda ya iya da wanda bai iya ba tun daga numfashin farko. Ba ina cewa gambarar Amurka daga nan ta samo asali ba, tarihinta daban ne. Abin da nake nufi shi ne kunnenmu ya riga ya san magana mai kari wadda ba ta da rauji, kuma bai taɓa kiran ta surutu ba.

Mai yin ta da Hausa ma yana da ƙarin kaya a kansa. Harshenmu yana da karin sauti, yana kuma bambanta dogon wasali da gajere. Ka ja gaɓar farko ta garin da ake zama a ciki don ta cike maka gurbi, ka koma maganar garin tuwo. A nan ne nake jin takaicin matasanmu da yawa: sai su ɗauko tafiyar wani mawaƙin Amurka sukutum, su tura kalmomin Hausa a ciki da ƙarfi, karin sauti ya rushe, har Bahaushe ya kasa gane Hausarsa. Waɗanda suka ƙware, a Kano ko Jos ko Yamai, su ne masu barin nauyin gaɓoɓin Hausa ya tsara musu tafiyar.

Akwai iyakar da bai kamata ka tsallake ba in kuna musun. Mutum zai iya zama gwanin gambara bai san yadda ake haɗa sautuka uku su dace a fiyano ba, ilimin da mai jita ba ya rayuwa sai da shi. Wannan ɓangaren yana hannun mai haɗa kiɗa ne, shi ma kuma ba danna maɓalli kawai yake yi ba. J Dilla na Detroit, wanda ya rasu a 2006, ya riƙa buga gangunansa a na'ura da yatsu ba tare da barin ta ta daidaita masa su ba, har makaɗa na gaske suka koma koyon kwaikwayon wannan ɗingishin nasa. Na'urar tasa tana ajiye yau a gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washington. A 2018 kuma an ba ɗan gambara Kendrick Lamar kyautar Pulitzer ta fannin kiɗa, karo na farko da ta je hannun wanda ba na jaz ko kiɗan gargajiyar Turai ba. Kyauta ba ta yanke musu, amma ta nuna cewa masanan kiɗa sun zauna sun saurara da gaske.

Kada kuma ka kafa hujja da sauri. Kundin Guinness ya ƙirga wa ɗan gambara Eminem kalmomi 1,560 a waƙa ɗaya ta minti 6 da daƙiƙa 4, kuma abin burgewa ne, sai dai gudun harshe shi kaɗai ba ya sa baiti ya zauna a zuciya.

Sitidiyo kuwa tana rufa wa kowa asiri. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 ake gyara wa mai rerawa muryar da ta kauce, kamar yadda ake naɗar wa ɗan gambara layi ɗaya-ɗaya a liƙa su, har a ji kamar ba ya numfashi. Saboda haka in kuna son gwaji na adalci, ku nemi bidiyon da aka ɗauka kai tsaye, babu muryar faifai a ƙasa tana tallafa masa. Ka roƙi Kawu ya riƙa tafa bugu huɗun nan da hannunsa, ya sa kunne ya ji inda gaɓoɓin ke faɗawa da inda mutumin ke shaƙar iska. Sannan ka rubuta masa layi huɗu kacal daga ciki, ka ce ya maimaita su a kan kiɗan ba tare da ya riga bugu ko ya makara ba.