Yadda wani attajirin Landan ya buɗe ƙofar mulkin kai a Massachusetts

Tambaya: Malam, a tarihin da muka karanta a makaranta, kamfanin ciniki na Royal Niger shi ne ya share wa Turawa hanyar mulkin mallaka a ƙasarmu. Sai ga shi na ji ana cewa a Amurka wani kamfanin ciniki na Ingila shi ne tushen mulkin kai, kuma wai wani ɗan kasuwa ne da bai taɓa zuwa can ba ya kawo shawarar. Wane ne wannan mutum, kuma ta yaya kamfani ke rikiɗewa ya zama gwamnati? (Daga wani ɗalibin tarihi a Zariya)

Amsa: Mutumin da kake nufi shi ne Matthew Cradock, attajirin Landan wanda ya kasance gwamna na farko na Kamfanin Massachusetts Bay, kuma gaskiya ne har ya rasu a 1641 bai taɓa taka ƙasar Amurka ba. Yana da jiragen ruwa, yana da hannun jari a Kamfanin Gabashin Indiya, kuma yana cikin 'yan Furitan, wato Kiristocin da ke ganin Cocin Ingila bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba.

Kafin a gane abin da ya yi, sai an san yadda irin waɗannan kamfanoni suke. Sarautar Ingila a lokacin ba ta da kuɗin kafa garuruwa a ƙetaren teku, saboda haka sai sarki ya ba ƙungiyar attajirai takardar izini mai hatiminsa, su zuba dukiyarsu, su ɗauki riba ko asara. Takardar da Sarki Charles na Ɗaya ya ba Kamfanin Massachusetts a watan Maris na 1629 ta tanadi gwamna da mataimakinsa da 'yan majalisa 18, sannan ta ce masu hannun jari su yi babban taro sau huɗu a shekara, su zaɓi shugabanni, su karɓi sababbin mambobi, su kafa dokokin da ba su saɓa wa na Ingila ba. Wannan tsari ne na tafiyar da harkar kasuwanci, amma duk wanda ya dube shi da kyau zai ga cewa yana da zaɓe, yana da majalisa, yana da ikon yin doka, wato kusan duk abin da gwamnati ke buƙata.

Abin da ya bambanta wannan takarda shi ne ba ta faɗi garin da za a riƙa yin taron ba. An ɗauka cewa a Landan za a yi, kamar yadda aka saba, kuma a farko haka aka yi: Cradock yana gwamna a Landan, John Endecott kuma yana riƙe da mutanen da aka riga aka tura Salem, wani gari a Massachusetts ta Amurka, tun 1628, yana karɓar umarni ta wasiƙa. A taron 28 ga Yuli 1629 ne Cradock ya kawo shawarar a miƙa mulkin wurin ga waɗanda za su zauna a can, maimakon a ci gaba da juya su daga Landan.

A ganina, ba daidai ba ne a ɗauke shi a matsayin mai fafutukar 'yanci irin na zamaninmu, domin dalilansa na ɗan kasuwa ne mai hangen nesa. Ya ga yadda aka soke takardar Kamfanin Virginia, wani kamfanin Ingila da ya kafa gari a Amurka, a 1624, sarki ya karɓe mulkin wurin, kuma hakan ya yi sauƙi ne domin kamfanin da shugabanninsa suna Landan, inda hannun hukuma zai iya kai musu. Bugu da ƙari, kwanaki kaɗan bayan ba da takardar Massachusetts, Sarki Charles ya rushe majalisar dokoki, ya shiga mulki shi kaɗai har 1640, lamarin da ya tayar wa 'yan Furitan hankali. Sannan kamfanin yana buƙatar mutane masu dukiya da daraja su yi ƙaura, su kuwa irin waɗannan mutane ba za su sayar da gidajensu da gonakinsu su tafi daji ba alhali wasu na zaune a Landan suna yanke musu hukunci. A ranar 26 ga Agusta, mutum 12, ciki har da John Winthrop, suka sa hannu a wata yarjejeniya a Cambridge ta Ingila cewa za su tafi da iyalansu muddin mulkin da takardar izinin za su tafi tare da su. Kwana uku bayan haka taron kamfani ya amince, a watan Oktoba kuma aka zaɓi Winthrop ya gaji Cradock. A 1630 Winthrop ya tashi da ayarin jirage 11 ɗauke da mutane kimanin 700, da takardar a hannunsa.

Kada ka ɗauka da isarsu aka samu mulkin jama'a. Masu hannun jarin da suka haye teku 'yan kaɗan ne, kuma da farko Winthrop da majalisarsa sun riƙe ikon yin doka a hannunsu, abin da takardar ba ta ba su ba. A 1631 aka karɓi fiye da mutum ɗari a matsayin mambobi masu ƙuri'a, ba don sun zuba jari ba, amma aka gindaya sharaɗin cewa sai ɗan coci cikakke ne zai samu wannan matsayi. A 1632 mutanen garin Watertown suka yi ƙorafin an ɗora musu haraji ba da yawunsu ba. A 1634 wakilan garuruwa suka nemi a nuna musu takardar da idonsu, da suka karanta suka ga cewa babban taro ne ke da ikon yin doka, sai suka tsaya a kan haƙƙinsu, aka fara tura wakilai daga kowane gari, kuma a zaɓen shekarar suka sauke Winthrop suka ɗora Thomas Dudley. A nan ne taron masu hannun jari ya zama majalisar dokoki ta haƙiƙa, wadda aka raba gida biyu a 1644.

Shi kuwa Cradock, rawar da ya taka bayan haka a gida Ingila ya taka ta. Ya ci gaba da zuba kuɗi, yana da gona da ma'aikata a Medford ta Massachusetts a bakin kogin Mystic, kuma shi ne hukumar Ingila ke fara tuhuma idan ƙorafi ya taso. Da majalisar mashawartan sarki ta nemi ya kawo takardar a 1634, sai ya amsa cewa tana can ƙetaren teku, mutanen Boston, hedikwatar Massachusetts, kuma suka yi ta jan ƙafa. An kai ƙara kotu a 1635, amma hukuncin da aka yanke a Landan bai canja komai a Massachusetts ba, sannan rikicin sarki da majalisa ya ɗauke hankalin kowa. Cradock kansa ya wakilci birnin Landan a majalisar dokoki a 1640. Ba a soke takardar ba sai a 1684.

Dangane da kwatancinka da Kamfanin Royal Niger, bambancin yana cikin tambayar wane ne ke da ƙuri'a a kamfanin, kuma ina yake zaune. Wannan kamfani, wanda George Goldie ya jagoranta, ya samu takardar izini a 1886, shugabanninsa da masu jarinsa suna Ingila, mutanen da ke bakin Kwara da Binuwai kuwa ba su da ko murya ɗaya a cikinsa, shi ya sa da gwamnatin Birtaniya ta so karɓar ƙasar a farkon 1900, sai ta biya kamfanin diyya ta miƙa Arewa ga Lugard. A Massachusetts baƙin da suka zo zama su ne suka zama mambobin kamfanin. Idan kana neman waɗanda matsayinsu ya yi kama da na kakanninmu a wannan labari, to 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda babu wanda ya nemi yardarsu kafin sarkin Ingila ya ba da ƙasarsu a takarda. Cradock ya rubuta wa Endecott a 1629 cewa a kyautata musu domin a jawo su ga Kiristanci, amma a 1637 mayaƙan Turawan yankin, da goyon bayan wannan gwamnati ta Massachusetts, suka murƙushe ƙabilar Pequot, aka kashe ɗaruruwa, aka bautar da waɗanda aka kama.