Tsofaffin kuɗin da suka yi kore: a wanke ko a bari?

Tambaya: Ina sayar da tsofaffin kayan zamanin da a Kasuwar Kurmi, Kano. Kwanan nan na sayi gwangwani cike da tsofaffin kuɗi a hannun wasu magada: anini, kwabo mai huda, sulalla, har da liyari biyu. Da yawansu sun yi kore. Yaron shagona ya ce mu jiƙa su a ruwan lemon tsami, mu dirje da toka su yi ƙyalli. In bar shi ya yi?

Amsa: Alhaji, don Allah ka dakatar da yaron nan tukuna. Lemon tsami da toka maganin tasa ne da tukunya. Masu tara tsofaffin kuɗi, waɗanda su ne ke biya da tsoka, ba ƙyalli suke saye ba. Fuskar da kuɗin ya yi shekaru yana ɗauka suke nema, kuma da sun ga sawun dirza sai su karya farashi ko su wuce.

Ga abin da nake ji maka tsoro. A jikin kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa akan sami ƙaramin harafi, H ko KN, alamar masana'antar da ta buga shi a Birmingham ta Ingila. Kwabo biyu masu shekara ɗaya na iya bambanta a daraja saboda wannan ɗan harafin, ga shi kuma ƙarami ne da dirza ke saurin lalatawa. Aninin farko, na 1907 da wasu na 1908, da alminiyam aka yi shi, toka da kanwa kuwa cin alminiyam suke yi. Liyarinka ma, in mai hoton Maria Theresa ne, sarauniyar Ostiriya ta zamanin da, za ka ga 1780 a jiki ko da an buga shi bayan haka da shekaru masu yawa. Azurfa ce, duhun da ta yi ba datti ba ne, ka bar ta.

Koren nan ba iri ɗaya ba ne. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka zube su, ka duba ɗaya bayan ɗaya da rana. Wanda korensa ya yi duhu, ya kwanta sumul, ba ya kama yatsa, to rigar ƙarfen ce, ita ke kare shi. Kada ka taɓa.

Wani kuma za ka ji shi da danƙo, kore mai maiƙo. Wannan yakan zo ne daga ledar roba mai laushi da aka ajiye kuɗin a ciki. Maganinsa wani ruwan sinadari ne mai suna asiton, tsantsarsa, na wajen masu sayar da sinadarai, ba na goge farcen mata ba, don wancan akwai turare da mai a ciki. Zuba a kofin gilashi, saka kuɗin na 'yan mintoci, ciro shi, sake tsoma shi a sabo, ka bar shi ya bushe da kansa ba tare da gogewa ba. A waje za ka yi, nesa da murhu da mai shan taba, domin asiton na kama wuta kamar fetur.

Wanda ya fi damuna shi ne kore mai haske, mai gari-gari, wanda in ka taɓa da tsinke yake zuba. Wannan ciwo ne. Gishirin da ya shiga tagulla ne yake haɗuwa da laima yana cin ƙarfen daga ciki, har ya bar rami. Da rani sai ka ɗauka ya lafa, damina na sauka ya farfaɗo. Ware masu shi daga cikin sauran yau ɗin nan. Ka ɗauke garin a hankali da tsinken sakace na itace, banda allura, sannan ka jiƙa kuɗin a tataccen ruwa irin na ɗakin gwaji, kana sauya ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Abin yakan ɗauki makonni. In ruwan batir za ka saya, ka tabbata ba mai asid ba ne. Bayan nan ya bushe sarai kafin ka ajiye. Ramin da ya riga ya yi ba zai cike ba, ci gaban ɓarnar kawai kake tsayarwa.

Ta fuskar ciniki, kasuwa biyu gare ka. Masu neman kwabo da anini don sarƙa ko adon bango su ƙyalli suke so. Ka ware musu waɗanda rubutunsu ya riga ya shafe, ka goge abinka. Masu kyan rubutu kuwa ka sa kowanne a ƙaramar ambulan ta takarda, ka rubuta shekararsa, ka tara su a akwati mai murfi tare da ƙunshin nan mai shan laima da ake samu a kwalin takalmi. A gefe za ka riƙa kama su, saboda gumin hannu ma gishiri ne.

Duk abin da za ka gwada, fara da mafi arha a gwangwanin. Wanda ka jiƙa kuwa, ka faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya. Masu wannan harka 'yan kaɗan ne kuma sun san juna, in ɗaya ya yarda da kai shi zai turo maka sauran.