Tambaya da Amsa: Shin Akwai Masu Tsattsauran Ra'ayin Ƙabilanci a Cikin Kurdawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe da sanin Kurdawa a matsayin al'ummar da aka raba tsakanin ƙasashe huɗu, aka hana ta ƙasar kanta, har aka halaka ta da iskar guba. Amma kwanan nan na ji ana cewa a cikinsu akwai masu tsananin ƙabilanci da ke ƙyamar ƙananan ƙabilun da suke zaune tare da su, har da masu kwaikwayon 'yan Nazi. Shin gaskiya ne, ko kuwa farfagandar maƙiyansu ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka sani game da zaluncin da aka yi wa Kurdawa gaskiya ne, abin da ka ji kwanan nan shi ma yana da tushe, kuma ɗayan ba ya goge ɗayan. Yarjejeniyar Sevres ta 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa, ta Lausanne ta 1923 ta rufe ta, suka wayi gari a rarrabe tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya. Turkiyya ta daɗe tana kiran su "Turkawan tsauni", Siriya ta ƙwace takardun zama ɗan ƙasa na Kurdawa kimanin 120,000 a ƙidayar Hasaka ta 1962, sannan a ranar 16 ga Maris, 1988, gwamnatin Saddam Husaini ta kashe mutane wajen 5,000 da iskar guba a garin Halabja. Gwamnatocin da suka aikata waɗannan abubuwa suna son a yi ta yayata laifin Kurdawa, saboda haka taka-tsantsan ɗinka yana kan hanya.

Masu kwaikwayon 'yan Nazi kuwa akwai su, amma 'yan tsiraru ne ƙwarai, kuma galibin ƙarfinsu a shafukan sada zumunta yake. Suna da'awar cewa Kurdawa jinin "Ariya" ne tsarkakakke, suna zagin Larabawa da Turkumawa da Assuriyawa, suna kiran su baƙi a ƙasar da kakanninsu suka zauna ɗaruruwa ko dubban shekaru. Wasunsu har Salahuddin Al-Ayyubi suke zagi, duk da cewa Bakurde ne, wai don ya yi wa Musulunci hidima bai kafa wa ƙabilarsa daula ba. Babu wata babbar jam'iyyar Kurdawa da ke ɗauke da wannan aƙida a rubuce: KDP ta gidan Barzani da PUK ta gidan Talabani, manyan jam'iyyun Kurdawan Iraƙi, jam'iyyun kishin ƙasa ne, PKK ta Kurdawan Turkiyya da 'yan'uwanta na Siriya kuwa daga aƙidar gurguzu suka fito. A ganina, wanda ya tsaya kan waɗannan matasa masu tutar Nazi ya bar ainihin maganar, domin koke-koken ƙananan ƙabilun sun fi karkata ga gonaki da kujerun majalisa da makarantu da tarihin da ake koya wa yara, wato abubuwan da ke hannun masu mulki.

Tarihin shi ne ya fi ciwo. A 1843 da 1846, sarkin Kurdawa na Botan, Badir Khan, ya kai wa Assuriyawa Kiristoci na tsaunukan Hakkari, a kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, hare-haren da suka halaka dubbai. A 1891 Sarki Abdulhamid na Biyu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya kafa rundunar mahaya dawaki ta Hamidiyya, akasarinta daga ƙabilun Kurdawa, kuma ta taka rawa a kisan Armeniyawa na 1894 zuwa 1896. A kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa da Assuriyawa a 1915, wanda Assuriyawa ke kira Sayfo, hukumomin daular ne suka tsara, amma shugabannin ƙabilun Kurdawa da dama sun shiga ciki, suka gaje gonaki da ƙauyukan waɗanda aka kashe, yayin da wasu Kurdawan suka ɓoye maƙwabtansu suka cece su. Sai kuma Simko Shikak, wanda a watan Maris na 1918 ya gayyaci babban limamin Cocin Gabas, Mar Shimun Binyamin, zuwa tattaunawa a yankin Salmas na Iran, aka harbe shi yana shirin komawa. Masu kishin Kurdawa da yawa suna ɗaukar Simko gwarzon neman 'yanci, Assuriyawa kuwa suna ganin sa maci amanar da ya kashe baƙonsa. Duk lokacin da aka yabe shi a littafin makaranta, yaron Ba'assuriye da ke cikin ajin ya fahimci matsayin da aka ba jinin kakanninsa.

Wajibi ne in faɗi cewa akwai Kurdawan da suka fuskanci wannan tarihi da gaskiya. Ahmet Turk, dattijon ɗan siyasar Kurdawa na yankin Mardin a Turkiyya, ya nemi gafarar Armeniyawa da Assuriyawa da Yazidawa (mabiya wani tsohon addini na yankin) a bainar jama'a kan abin da kakanninsa suka aikata, kuma hukumomin birnin Diyarbakir, a hannun Kurdawa, sun taimaka wajen gyara cocin Armeniyawa na Surp Giragos da aka sake buɗewa a 2011. Haka nan a 2014, da 'yan Da'ish suka mamaye Mosul da filayen Ninawa, yankin Kurdawan Iraƙi ne ya karɓi dubun dubatar Kiristoci da Yazidawa da Larabawa masu gudun hijira, a unguwar Ankawa ta Irbil, babban birnin yankin, da sansanonin Duhok.

Sai dai mafaka ba ta share ƙorafin ƙasa ba. Assuriyawan kwarin Nahla da ke yankin Kurdawan Iraƙi sun daɗe suna kukan cewa maƙwabtansu Kurdawa suna cinye musu filaye, kuma a watan Afrilun 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito cewa jami'an tsaron yankin sun tare hanyoyi sun hana su zuwa Irbil yin zanga-zanga. A shekarar ce kuma ƙungiyar, tare da Amnesty International a nata rahoton, ta zargi dakarun Peshmerga, wato sojojin yankin Kurdawan Iraƙi, da rushe gidajen Larabawa a ƙauyukan da aka ƙwato daga Da'ish. A 2015 Amnesty ta yi wa dakarun Kurdawa na YPG da ke arewacin Siriya irin wannan zargi game da ƙauyukan Larabawa da Turkumawa. Hukumomin biyu sun musanta, suka ce larurar yaƙi ce da nakiyoyin da aka binne, amma wanda aka hana komawa gidansa bayan an gama yaƙi yana da haƙƙin ya tambayi dalili. A majalisar yankin Kurdawan Iraƙi ma an taɓa ware wa ƙananan ƙabilu kujeru 11 cikin 111, sai dai da yake kowa na iya jefa ƙuri'a a kansu, an daɗe ana zargin babbar jam'iyya, wato KDP, da tura magoya bayanta su zaɓi 'yan amshin shatanta. Kotun ƙolin Iraƙi ta soke kujerun a watan Fabrairun 2024, daga baya aka mayar da 5 kacal cikin 100.

Birnin Kirkuk mai arzikin man fetur shi ne inda rikicin ya fi sarƙewa. Saddam ya kori Kurdawa da Turkumawa daga cikinsa ya zuba Larabawa, bayan 2003 kuma Turkumawa da Larabawa suka riƙa zargin jam'iyyun Kurdawa da juya yawan mazauna birnin ta ɓangarensu. Sashe na 140 na tsarin mulkin Iraƙi na 2005 ya tanadi ƙuri'ar raba gardama kan makomar birnin kafin ƙarshen 2007, amma har yau ba a yi ta ba.

Tambaya: Malam, su Yazidawa ba Kurdawa ba ne? Me ya sa ake lissafa su cikin masu ƙorafi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, mafi yawan Yazidawa Kurmanci suke magana, wato babban karin harshen Kurdanci, kuma wasunsu suna kiran kansu Kurdawa ba tare da wata damuwa ba, amma wasu, musamman na yankin Sinjar a arewacin Iraƙi, suna ganin kansu al'umma ce dabam mai addininta. Tun a 2009 Human Rights Watch ta rubuta cewa hukumomin Kurdawa suna matsa wa Yazidawa da ƙabilar Shabak lamba su amsa sunan Kurdawa, domin hakan yana ƙarfafa da'awarsu a kan yankunan da suke jayayya da Bagadaza. Abin da ya karya amana shi ne ranar 3 ga Agusta, 2014, lokacin da dakarun Peshmerga da ke gadin Sinjar suka janye ba tare da sun gargaɗi jama'a ba, 'yan Da'ish suka kashe maza, suka kwashe dubban mata da yara suka mayar bayi. Waɗanda suka buɗe wa mutanen da suka maƙale a kan tsaunin Sinjar hanyar tsira ta cikin Siriya su ma Kurdawa ne, mayaƙan YPG da PKK, shi ya sa ba ya halatta a ɗora wa al'ummar gaba ɗaya alhakin abin da ya faru. A watan Oktoban 2020 Bagadaza da Irbil sun sa hannu kan yarjejeniyar tafiyar da Sinjar, Yazidawa da dama suka koka cewa ba a shawarce su ba, kuma yawancin abin da ta ƙunsa ba a aiwatar ba, alhali iyalai masu yawa na ci gaba da zama a sansanonin Duhok.