Amsa ga ƙanwarmu mai aikin rini

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na saurari muryarki ta jiya, inda kika ce malaminku na sashen zane ya ce ku haɗa rubutu da aikin rinin da za ku gabatar, amma ba irin rubutun binciken kammala karatu mai babi na ɗaya zuwa na biyar ba, ke kuma kin rasa ta inda za ki kama. To, saurara.

Don Allah kada ki bari sai kin gama aikin sannan ki zauna rubutu. In kika yi haka, sai ki tarar kina ƙago dalilin da ba shi ne ya sa kika yi abin ba, don kawai ya yi daɗin karantawa. Ki samu ɗan littafi ki ajiye kusa da tukunyar baba. Kin san yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonki? Yawwa, a lokacin za ki rubuta, hannunki da baba. Sau nawa kika tsoma, wane ɗauri ne ya kwance, me marinin ya ce da ya ga kin yi gaggawa. In da Hausa maganar ta zo miki, rubuta da Hausa. In waƙa ce, bar ta waƙa. Ƙyallen da ya ɓaci ma kada ki yar, yanki kaɗan ki liƙa a shafin, ki yi bayani a gefensa. Wallahi ni irin waɗannan shafukan ne suka fi koya min aiki.

Kuma haɗa rubutu da aikin zane ba sabon abu ba ne. A Zariya, 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗaliban zane. Okeke yana zane yana rubutu, a 1960 ya rubuta matsayarsu kan haɗa fasahar gida da wadda Turawa ke koyarwa. Shi kuma Bruce daga baya har haruffansa ya ƙirƙira, Ibiebe, yana sa su cikin ayyukansa. Mu ma ai mun taso muna ganin allon zayyana ranar sauka, rubutu da ado a kan katako ɗaya.

In malamin ya nemi tsari daga baya, daga littafin nan za ki tsamo. Ki fara gobe, ranar Juma'a ki turo min hoton shafi uku mu duba tare.