Me ya sa tach ke jin yatsa amma ba ya jin tsinke?

Sani, jiya muna rufe shago ka tambaye ni me ya sa tsohuwar Nokia 5800 ɗin nan ta cikin akwatin tarkace take amsa farce da tsinke, amma wayoyin yanzu ba sa jin komai sai fatar yatsa. Na ji daɗin tambayar, don wanda bai san wannan ba canjin sikirin kawai zai riƙa yi, yana sa mutane asarar kuɗi.

Tach, wato sashen sikirin da ke jin taɓawa, iri biyu ne. Na cikin Nokia ɗin, wadda ta fito a 2008, shimfiɗa biyu ce siririya, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan rata a tsakani. Ka danna, su haɗu, waya ta gane wurin. Matsi yake ji, shi ya sa ko tsinken sakace ya wadatar. Wani masani a Amurka, Sam Hurst, da kamfaninsa Elographics su suka raya shi tun shekarun 1970.

Na biyun kuwa, wanda muke fama da shi kullum, ya ma girme wancan. Tun 1965 wani injiniya a garin Malvern na Ingila, E.A. Johnson, ya bayyana shi, don masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Ya daɗe bai shigo aljihun mutane ba, sai da iPhone ta fito a 2007, mutane suka ga ana ƙara girman hoto da yatsu biyu, daga nan kowa ya bi.

To ga yadda yake aiki, kuma nan nake so ka kasa kunne. A ƙarƙashin gilashin akwai raga ta layuka siraran da ido ba ya gani, wasu a tsaye wasu a kwance, wuta kaɗan na bi ta cikinsu. Jikin mutum yana ɗaukar wuta, don haka yatsa na kusantar gilashin sai ya janye 'yar kaɗan daga inda layukan suka gitta, aisin tach, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke kula da tach ɗin, ya lissafa wurin. Tsinke busasshe ba ya jan komai. Ruwa kuwa yana ja, shi ya sa gumi ko ɗigon ruwa ke rikita waya.

Ka tuna Hajiyar nan da ta zo wayarta na rubutu da kanta, har tana cewa aljanu ne? Wani ya riga ya ce mata sikirin ya mutu. Na ce ta ciro cajarta. Muna jonawa tach ya hau rawa, muna cirewa ya natsu. Caja ce mai arha, wutarta ba tsafta, tana shiga ragar nan tana yi mata kamar yatsa. Sabuwar caja kawai ta saya.

Saboda haka kafin ka ɗora waya a injin zafi ka ɓare gilashi, goge shi tas, cire sikirin gad, gwada ba caja. Sannan ka buɗe ka duba filas ɗin tach, wato siririn zaren wutar da ke haɗa tach da injin waya, ko ya ɗago daga mazauninsa, ko tsatsa ta kama bakin. In ka ja yatsa layi guda ne kaɗai bai amsa ba daga sama har ƙasa, to ragar ce ta tsinke, wannan kam sai canji.

Ɗauko Tecno ɗin da aka kawo da safe, ka fara da gogewar, ina kallonka.