Yadda rukunonin ƙwallon jami'o'in Amurka suka samo asali

Tambaya: Ina kallon ƙwallon jami'o'in Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Na ga kowace jami'a da rukuninta, kamar Big Ten da SEC (Southeastern Conference, rukunin kudu maso gabas). Yaushe aka fara wannan rabo, kuma me ya kawo shi?

Amsa: Shugabannin jami'o'i da malamansu ne suka kafa manyan rukunonin nan, don su karɓe ragamar wasan daga hannun ɗalibai.

An buga wasan farko tsakanin jami'o'i ranar 6 ga Nuwamba 1869, Rutgers ta ci Princeton 6 da 4, kowane ɓangare mutum 25. Daga nan ɗalibai da tsofaffin ɗalibai ne ke shirya kusan komai: su nemo abokan karawa, su karɓi kuɗin ƙofa, su ɗauko mai horarwa. Da kuɗi suka fara kauri, sai sojan gona suka cika fili. Za ka ga ƙato wanda bai san ƙofar aji ba sanye da rigar makaranta. A 1896 Fielding Yost, ɗalibin jami'ar West Virginia, ya koma kwalejin Lafayette ana tsakar kakar wasa, aka doke Pennsylvania da shi, sannan ya tattara ya koma makarantarsa. Wannan kuwa ba ƙaramin zubar da mutuncin jami'a ba ne, ga kuma ɗalibin gaskiya da aka bari a benci.

Irin wannan ɓarna ce ta sa shugaban jami'ar Purdue, James Smart, ya tara takwarorinsa a Shikago a Janairun 1895. A Fabrairun 1896 jami'o'i bakwai suka kafa ƙungiyar da ta zama Big Ten: Shikago, Illinois, Michigan, Minnesota, Northwestern, Purdue da Wisconsin. Babbar dokarsu ita ce ba mai bugawa sai cikakken ɗalibi wanda karatunsa ke tafiya daidai. A kudu ma wani malamin kimiyyar sinadarai na Vanderbilt, William Dudley, ya riga ya jagoranci kafa ƙungiyar wasannin jami'o'in kudu, SIAA, a ƙarshen 1894. Daga cikinta Southern Conference ta ɓalle a 1921, daga wannan kuma jami'o'i 13 suka fita suka kafa SEC a ƙarshen 1932.

Rabon yanki-yanki kuwa jirgin ƙasa ne ya yanke shi. Wanda zai buga ranar Asabar ya shiga aji ranar Litinin ba zai yi tafiyar kwana uku ba, dole ya nemi maƙwabta. Haka rukunin Missouri Valley ya fito a 1907, jami'o'in gaɓar yamma suka kafa nasu a 1915.

Akwai rabon da ba nisa ya kawo shi ba, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Wariyar launin fata ta hana kwalejojin baƙar fata karawa da na turawan kudu, sai suka kafa tasu ƙungiyar, CIAA, a 1912, tana nan har yau.

Ba kowa ya ji daɗin linzamin malamai ba. Michigan ta yi fushi da dokokin rage wasanni ta fice daga ƙungiyarsu a 1908, sai 1917 ta dawo, jami'o'in suka cika goma da waɗanda suka shigo daga baya, sunan Big Ten ya bi su. Yanzu su 18 ne, har da na Kalifoniya da suka shigo a 2024 saboda kuɗin talabijin.