Amsar Anti ga Maman Sadik kan tura yara makaranta

(An rubuta wannan daga muryar da Anti ta turo a zauren matanmu na Bronx da ke birnin New York, saboda waɗanda ba su samu saurara ba.)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Maman Sadik, na ji muryarki tun la'asar, ina wurin aiki ne. Kin ce ke da maigidan takardunku na zama a Amurka ba su fito ba, manyan yaran biyu a gida aka haife su, auta ce kawai haifaffiyar nan, kuma an ce miki 'yan ICE, wato jami'an shige da fice, sun fara shiga makarantu, don haka kina so ki ajiye su a gida har ƙura ta lafa. To ƙanwata, kada ki yi haka. Ki ba ni hankalinki, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Karatun yaranki ba alfarma ake yi miki ba, haƙƙinsu ne, kuma sai da aka je kotu a kansa. A 1975 jihar Texas ta yi doka ta ce ba za ta kashe kuɗinta kan yaran da ba su da takardu ba. Wani gari da ake kira Tyler ya ce to kowane irin wannan yaro ya biya dala 1,000 a shekara. Iyayen, 'yan Meziko ne talakawa, suka kai ƙara, magana ta tafi har Kotun Ƙoli. A 1982 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka ce ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takarda, don ba shi ya kawo kansa ƙasar ba, ba za a ɗora masa laifin iyayensa ba. Shari'ar Plyler ke nan, ki riƙe sunan. Har yau tana nan, ba a soke ta ba, kuma ta shafi kowace jiha, daga ajin farko har gama sakandare.

To me ya canza da ake ta wannan surutu? Tun 2011 akwai umarnin cikin gida da ya ce wa jami'an shige da fice su guji kame a makarantu, asibitoci da wuraren ibada. Lokacin Biden, a 2021, aka faɗaɗa shi har wurin da yara ke jiran motar makaranta. Da Trump ya dawo a Janairun 2025, aka janye shi nan take. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma umarni ne na ma'aikata, ba dokar majalisa ba. Kamar an rushe katangar waje ne, ƙofar ɗaki kuwa tana nan da makullinta. Cikin makaranta ba titi ba ne da kowa zai faɗa.

Ga wurin da nake so kowa a zauren nan ya gane, har ke Hajiya da kike cewa ke ba ruwanki tunda kin samu naki. Takarda iri biyu ce. Akwai wadda jami'in ICE da kansa ya sa wa hannu, za ki ga sunan ma'aikatar tsaron cikin gida a samanta. Wannan ba ta buɗe masa aji, ba ta buɗe masa ƙofar gidanki ma. Akwai kuma wadda ta fito daga kotu, da sunan kotun a sama da sa hannun alƙali a ƙasa. Ita ce mai ƙarfi. Tsarin makarantun birnin New York shi ne, jami'in da ba na birni ba idan ya zo, mai tsaron ƙofa ya tsayar da shi, a kira shugaban makaranta, shi kuma ya kira lauyan hukumar ilimi ya duba takardar kafin a yi komai. Kuma an ga aikin irin wannan tsari. A Afrilun 2025 a Los Angeles jami'an tarayya sun je firamare biyu suna neman wasu yara, suka ce lafiyarsu suka zo dubawa. Shugabannin makarantun suka hana su shiga, haka suka juya.

Sai maganar fayil. Akwai dokar tarayya tun 1974 da ta hana makaranta miƙa bayanan ɗalibi ba da yardar iyaye ba, sai dai in kotu ta ce. Amma akwai 'yan bayanai kamar suna da adireshi da wasu makarantu ke iya fitarwa idan ba ki hana ba. Ki je ofis ki ce kina son fom ɗin hanawa, ki cike. Kuma don Allah mu rage bakinmu. Makaranta shekarun yaro take so ta sani, da shaidar inda kuke zaune, da katin rigakafi. Ba a tilasta miki ba da lambar Social Security, wato lambar shaida ta gwamnatin tarayya, ba a tambayar ki yadda kika shigo. Abin da ba a tambaye ki ba kada ki fara ba da labari. Sannan kada wanda ya ba ki shawarar yin rajista da takardar ɗan wani. Wannan shi ne zai jawo miki abin da kike gudu.

Yanzu in faɗa miki inda ni hankalina ya fi tashi: hanya, bakin tasha, da kotun shige da fice. A Mayun 2025 an kama wani ɗalibin sakandare na nan Bronx, ba a aji ba, a kotu a Manhattan bayan ya je zaman shari'arsa. Amma wannan ba dalilin ƙin zuwa kotu ba ne, domin in ba ki je ba alƙali na iya yanke hukuncin kora a bayan idonki. Lauya ake nema kafin ranar. Ki kira 311, lambar taimako ta birnin nan, ki ce kina son taimakon lauyan shige da fice na kyauta, kuma ki nemi tafinta. Ki rabu da masu cike fom a bayan shago suna karɓar kuɗi.

Ajiye yara a gida kuma yana da nasa haɗarin. A birnin nan dole ne yaro ya je makaranta daga shekara 6 zuwa 17. In ya yi ta fashi za a kira ki, a aiko wasiƙa, in abin ya yi nisa maganar na iya kaiwa ga hukumar kula da yara. Kin ga ke da kike son ɓuya kin jawo ido kanki. Ga abincin rana da suke ci kyauta, ga Turancin Sadik da ya fara zama.

Abin da za ki yi a makon nan, ki karɓi shuɗin katin nan na lambobin gaggawa a makaranta ki sabunta shi. Ki sa mutum biyu ko uku da kika yarda da su, waɗanda takardunsu suka cika, domin makaranta ba za ta miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya kai ba. Akwai kuma fom na jihar New York da iyaye ke naɗa wanda zai tsaya wa yara a makaranta da asibiti in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. Auta ki yi mata fasfonta na Amurka. Manyan su haddace lambar waya biyu, ki koya musu cewa in baƙo ya tare su da tambaya, suna da ikon yin shiru su ce a kira mamansu, kuma kada su sa hannu a komai. A hankali za ki faɗa musu, ba da kuka ba, yaro fuskarki yake karantawa.

'Yan uwanmu na Houston da Columbus da Greensboro, haƙƙin karatun ɗaya ne, amma tsarin ƙofa ya bambanta, ku tambayi makarantunku. California da Illinois sun mayar da kariyar makarantu ta zama dokar jiha a 2025, Tennessee kuma a shekarar ta yi yunƙurin dokar da za ta ƙalubalanci Plyler, ba ta wuce ba. Sannan masu turo hoton mota baƙa a ce ga su nan a makaranta kaza, ku ji tsoron Allah, in ba ki gani da idonki ba kada ki tura.

Maman Sadik, gobe ki shirya su da wuri. In ke tsoron fita kike, 'yata za ta biyo ta tafi da su tare da nata. Ki sa sunana a katin, bayan azahar zan kira ki mu cike fom ɗin tare. Sai da safe.